Tawul Ɗin Tarsem Singh

Tarsem Singh ya tuɓe rigar sanyinsa a bakin tafkin gurdwara, wurin ibadar mabiya addinin Sikh, ya dubi ruwan mai sanyi kamar ƙanƙara. Safiyar Maghi ce, ranar da ake wanka don tunawa da mutum arba'in da suka ba da ransu a fagen yaƙi. Su rai suka bayar. Shi kuwa shekara ashirin da uku ke nan gemu kaɗai yake bayarwa. Yakan raɓe bayan ginshiƙi, ya jiƙa gemun sharkaf, ya koma gida yana rawar ɗari, matarsa Kulwant ta tarye shi kamar wani jarumi.

Bana sai ga Jaskaran, angon 'yarsa Rupinder, ya ce ƙafarsa ƙafar Baba.

"Baba, an ce sau biyar kuke nutsewa," in ji Jaskaran, yana rungume da tawul ɗinsu.

"Da ƙuruciya ke nan. Yanzu likita ya ce uku."

"To ku fara, in ga yadda manya ke yi."

Tarsem ya waiga. Ga ginshiƙinsa can, wani tsoho ma ya riga shi. Ya tuna irin cika bakin da ya yi jiya a gaban wutar bikin Lohri, yana watsa riɗi da gyaɗa, dangin ango duk suna ji. Ya runtse ido ya sauka.

Ruwan ya kama shi kamar wanda ya daɗe yana jiransa. Ya nutse sau ɗaya, ya kira sunan Ubangiji da gaskiyar da bai taɓa kiransa da ita ba. A na biyu ya daina jin ƙafafunsa. A na uku, abin haushi, sai ya ji daɗi.

"Kai, shigo mana!" ya daka wa surukin tsawa. "Yaran yanzu sai baki."

A gida Kulwant ta ɗauko shinkafar da ta dafa jiya da ruwan rake, wadda ake bari ta kwana don safiyar nan. Kafin ta zuba, ta karɓi tawul ɗin ta matse shi. Ruwa ya ɗiga a ƙasa.

"Barka, Baban Rupinder," ta ce. "Shekara ashirin da uku ina ninke shi a bushe."

Jaskaran ya sunkuyar da kai. "Mama ce ta ce in raka ku, Baba."

Tarsem ya shafa gemu, ya miƙa kwanonsa.

"Ƙara mini," ya ce. "Bana na cancanta."