Alhaji Issah Ya Sha Tarihin Salaga

Kai ma da akwatin takardun kakanka a ƙarƙashin gado, kuma ka daɗe kana kau da kai. To ji abin da ya sami Malam Nazif.

Malam Nazif mai rubuta ƙananan littattafan tarihi ne, irin waɗanda direba zai karanta a tashar Bawku kafin mota ta cika. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da bai gani a tsohuwar takarda ba, ba ya shiga littafinsa. Babin ƙarshe na littafinsa kan Salaga ya tsaya cak, don bai sami shaidar wanda ya ga watsewar garin da idonsa ba. Sai aka ce masa wani malami da ya gudo Yendi ya rubuta komai da ajami, kuma takardun suna hannun jikarsa, Hajiya Azara.

Hajiya ta ba shi ruwa, ta jawo akwatin ƙarfe, ta buɗe da bisimilla. Warƙar takarda ɗaya ce a ciki.

"Hajiya, ina sauran?"

"An sha, ɗana."

"An sha?"

"Rubutun Malam ne fa! Mai ciwon kai, mai jarabawa, mai neman biza, duk mun jiƙa musu. Ba wanda ya dawo da ƙorafi."

Ba wanda ya taɓa karantawa ma. Sun ga baƙaƙen Larabci, shi ke nan, ya zama magani.

Nazif ya ɗaga warƙar. Malamin ya kwatanta jakuna, da rijiyoyi, da kukan mata. Layin ƙarshe ya ce: "Abin da ya fitar da mu daga Salaga kuwa shi ne," sai takarda ta ƙare.

"Wadda ke bin wannan fa?"

Hajiya ta yi tunani. "Alhaji Issah mai shanu. Basir ya dame shi."

"Ya warke?"

"Ina! Ya rasu."

Nazif ya ɗauki hoton warƙar da wayarsa, Hajiya na cewa ya yi sauri, jikarta Hikmat na da intabiyu gobe. Littafin ya fito ba babin ƙarshe, don ya ƙi ƙirƙiro abin da ke cikin Alhaji Issah.

Daina dariya. Jawo akwatin nan yau, ka ɗauki hoton kowace warƙa, ka kai wa mai karanta ajami kafin wani a gidanku ya yi tari.