Ciyaman Ya Ga Ruwa Mai Rawa

Kun gani, kada wani ya ce bai gani ba. Ranar da aka kunna ruwan nan mai rawa a ƙofar sakatariya, ku ne kuka tsaya kuna ɗaukar hoto, har da masu ɗaga yara sama su gani da kyau. Babu ɗaya daga cikinku da ya tambayi daga ina aka samo injin da ke cilla shi sama. To, ga daga inda aka samo shi.

Fiddausi Nasrullahi ce jami'ar ruwa a ƙaramar hukumar. Shekara biyu ke nan da ta kama aiki, kuma abu ɗaya take nunawa da alfahari: rijiyar burtsatse ta Rugar Jaji. Ita ta yi ta sintiri zuwa Dutse har aka amince aka haƙa, aka sa inji, aka dasa farantan sola goma sha biyu, aka gina tanki da dogon kwami na shayar da shanu. Ita ce kuma ta zauna gaban Arɗo Bubayero, dattijon rugar, ta lallashe shi a rufe tsohuwar rijiyarsu da kankare, don bakinta ya zaizaye har wata karsana ta taɓa afkawa.

"Injiniya," in ji Arɗo a lokacin, "wanda bai ga ƙarshen damina ba, ba ya fasa tsohon rumbu."

"Baffa, injin nan rana ce ke tuƙa shi. Sai dai in rana ta daina fitowa."

Aka rufe rijiyar.

Rana ba ta daina fitowa ba. Ciyaman ne, Alhaji Abdulkahar, ya je ɗaurin aure Abuja, ya ga ruwa na tsalle a ƙofar wani otal, fitilu na haska shi. A hanyar dawowa, kafin motarsa ta wuce Dutse, abin ya zama umarni. Haka mutumin yake. Bara ya ga farin fenti ya burge shi, aka shafe duk itatuwan bakin titi har da na makabarta. Kafin nan ya sa an sayo kwale-kwale biyu a garin da ko tafki babu. Ana ce wa irin wannan kwaɗayi in mai ciki ce ta yi, a ce rigima in yaro ne. In ciyaman ne kuwa, sunansa hangen nesa.

Malam Ɗan'inna, shugaban sashen ayyuka, shi ya kira Fiddausi ofishinsa. Ta same shi yana ɓare gyaɗa a kan fayil.

"Mai girma yana son ruwa ya yi rawa kafin Juma'a. Ina muke da inji mai ƙarfi?"

"Babu, ranka ya daɗe. Sai an sayo."

"Na Rugar Jaji fa?"

"Ai yana aiki. Muna tsakiyar bazara, shanu sun fi ɗari uku a wurin, ban da mutane."

"Aro za mu yi, 'yar nan, ba sata ba. Sati biyu. Fulani ai ba a koya musu neman ruwa, tun kafin a haifi kakan sola suke sha."

"Mun rufe rijiyarsu."

"Mun?" Ya ɗago yana murmushi. "Wa da wa?"

Ya tura mata takarda da biro. Fiddausi ta tuna ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna, ta tuna sati biyu ba shekara ba ne. Ta sa hannu. Kada ku yi saurin zaginta. Mutum bakwai ne suka sa hannu a takardar nan, ita kaɗai ce ta yi gardama kafin ta sa.

Ranar da aka je kwancewa, Arɗo Bubayero bai yi faɗa ba. Ya tsaya dogare da sandarsa yana kallon ana loda injin da farantan a bayan mota.

"Injiniya, yau rana ba ta fito ba ke nan?"

"Sati biyu ne, Baffa. Na yi maka alkawari."

"To. Zan gaya wa shanun."

Ruwa ya yi rawa. An kira makaɗa, an yanka zare, mai bayani a lasifika ya ce ko a Makka sai haka. Kwana tara ana yi. A rana ta goma ciyaman ya fito zai shiga mota, iska ta juyo, ruwan ya feshe masa babbar rigar shadda tun daga wuya har gwiwa. Ya tsaya ya dubi rigar, ya dubi ruwan.

"Wannan wane irin shirme ne? Wa ya ce a sa shi a nan? A kashe!"

Aka kashe. Kafin la'asar kuma labari ya zaga cewa mai girma ya ga ɗawisu a wayar wani abokinsa, yana son guda shida su riƙa yawo a harabar sakatariya.

Fiddausi ta yi murna, a zatonta shi ke nan. Ta rubuta takardar neman a mayar da inji. Shiru. Ta rubuta ta biyu, ta rubuta ta uku, ta kai da hannunta.

"Umarnin mai girma ne ya kawo shi," in ji Malam Ɗan'inna, "umarninsa ne zai mayar da shi."

"To a tuna masa mana."

"Ke za ki tuna masa da ruwan da ya jiƙa shi? Ni saura wata goma sha ɗaya in yi ritaya. Ki bari ya ga dama."

"Yaushe zai ga damar?"

"Kin taɓa ganin an sa wa hadari rana? Ci gyaɗa."

Sati biyu suka zama biyar. Ran Asabar ta hau ɗan acaɓa ta tafi rugar. Tun daga nesa ta hango shanu jere a bakin busasshen kwami, sun sunkuyar da kai suna lasar siminti. Kullum da hantsi haka suke zuwa su tsaya, don sun saba. Matan rugar kuwa sun fita tun asuba da jarkoki, tafiyar awa biyu zuwa famfon wani ƙauye, inda sai an gama da 'yan gari ake barin su su tara.

Can gefe ta ji ƙarar diga. Maza huɗu ne a kan tsohuwar rijiya, sun fasa kankaren da ita ta sa aka zuba. Arɗo ya yafito ta.

"Zo ki leƙa aikinki."

Ta leƙa. Rijiyar ta rufta ta ciki, yashi ya cike ta, ko danshi babu.

"Maruƙa uku na binne," in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Ran Talata za mu kaɗa sauran shanun mu yi gabas, inda Allah ya ajiye ruwa. Kakana Jaji ne ya sari wurin nan. Ban ce kin cuce mu ba. Na dai ce ki gaya wa mai ruwan rawa, mun gode."

"Baffa, ka ba ni zuwa Litinin."

"Wancan karon ma sati biyu kika ce."

Yau Litinin. Tun ƙarfe tara Fiddausi ta shigo sakatariya da sufana a jakarta, ta ɗauko tsani a sito, ta jingina a jikin ƙarfen da aka ɗora farantan. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta hau. Ta yi hayar a-kori-kura, tana tsaye a bakin ƙofa. Malam Ɗan'inna ya leƙo ta taga.

"Ke! Kin san abin da kike yi? Takardar kora fa!"

"A rubuta, ranka ya daɗe. Ai akwai masu sa hannu."

Ya ja labule.

Ta kwance faranti na farko. Faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki, ba ya saukuwa da hannu biyu daga kan tsani. Ta riƙe shi, ta juyo ta dubi inuwar darbejiya, inda ma'aikata sun fi talatin suke tsaye, wasu sun riga sun ɗaga waya. A cikin busasshen kwanon ruwan rawa, ɗawisu biyu na tsattsagar ƙasa.

Kai da ke gindin darbejiyar nan, da kai ake. Farantan goma sha biyu ne, ga inji, ga rana tana yi, gobe Talata. Sa wayar nan a aljihu, zo ka kama mata.