Yayan Su Hajara a Bakin Raga

Daren jiya, bayan na cika firiza da ledojin ruwa na kwanta, wani mafarki ya zo ya yi awon gaba da ni. Sunana Tukur, sana'ata sayar da ƙanƙara a bakin tasha a Funtuwa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki ban san ana hawa kan ƙanƙara ba, sai ranar da na gani a talabijin ɗin shagon aski: ƙarti sanye da takalma masu wuƙa a ƙasa, kowa da sandarsa, suna korar wani ɗan baƙin faifai. Mai aski ya ce sunan wasan hoki. Na ce Allah ya kyauta, wannan ai ɓarnar haja ce.

To, a mafarkin nan ni ne gola.

Ƙasar da na tsinci kaina hawa biyu ce. Babbar ƙungiya tana wasa a sama, ƙaramar tana ƙasa, tsakaninsu tsanin gora. In ɗan wasa ya yi ƙoƙari a ƙasa sai a ce an kira shi sama, ya saɓa sandarsa ya hau. Ruwa kuma daga ƙasa yake tsattsafowa ya tafi sama, saboda haka kowa yana tafe da lemarsa a kife a gaban gwiwa. Ban ga abin mamaki a ciki ba, na dai ji haushi da na bar tawa a gida.

Wata uku ke nan da kirana sama, ko minti ɗaya ban buga ba. Aikina shi ne zama a benci don kada ya daskare. A ƙasa kuwa ƙungiyata ta asali, 'Yan Randa, ta tsallake duk zagayen kifa ɗaya ƙwala ta kai fainal. Ina zaune ina ɗumama benci sai kan kocinmu na ƙasa, Malam Barau, ya ɓullo ta ramin tsani.

"Tukur, golanmu ya narke ranar Talata. Yau fainal, ba mu da kowa sai kai."

"To bari in sauko."

"Ba saukowarka ce maganar ba. Sunanka za a sauko da shi, kai ka biyo baya. Duk wanda sunansa bai shiga takardar ƙasa ba kafin la'asar, ba zai taka ƙanƙarar fainal ba, ko da a kanta aka yanke masa cibiya."

Ya faɗa, kansa ya nutse. Ni kuwa wasan nan nake so in buga, so na gaske, irin wanda ke hana mutum zama.

Sai ga ni a ofishin rajista. Wata jar akuya ce a kujera, da tabarau a kan hanci da biro a bayan kunne. Duk takardar da aka kawo sai ta karanta, ta buga mata kofato, ta cinye, don kada ta ɓata. A bango an rataye ƙanƙara guda, ita ce agogo. Tana ɗiga sama a hankali, in ta ƙare la'asar ta yi.

"Sunanka yana sama," in ji akuyar. "Ni na cinye takardar da kaina. Ba ta ji gishiri ba."

"Ranki ya daɗe, ta yaya za a dawo da shi?"

Ta buɗe littafin doka, ta ɗan gutsiri gefen shafin. "Sashe na tara. Ɗan wasan da ya hau sama, in ana son sa a ƙasa, uwarsa ce za ta kira shi da ƙarfi a gaban rajistara. Ita ta san yadda ake sauko da yaro daga inda ya hau. Ka kawo ta ta faɗi sunanka, in rubuta."

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Shekarata talatin da takwas, Inna ba ta taɓa furta Tukur ba. In ina kusa ni ne "kai", in ana magana a kaina ni ne "wannan", in na yi nisa ni ne "Yayan su Hajara", wato da sunan ƙanwata ake nemo ni. Har Tukur mai kalanzir na layinmu ya rasa sunansa a bakinta, sai dai ta ce a je gun mai sunan yaron nan. Ban taɓa riƙe ta da wannan ba. Amma ba zan yi ƙarya ba, tun ina ƙarami nake son in ji yadda sunana zai fito a muryarta.

Na samu Inna a ɗakin horo, inda ake zaunar da ɗan wasan da ya yi laifi na minti biyu. Tana zaune da tire a cinya tana tsintar wake. Wasu ƙattai biyu da alƙali ya koro suna taya ta, minti biyunsu ya wuce tuntuni amma ba wanda ya isa ya tashi bai gama kasonsa ba.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau. Wa ya ba ka katifar mutane ka ɗaura a ƙwauri?"

"Kayan gola ne. Inna, ana neman ki a ofis."

"Ni? Me na yi wa gwamnati?"

Ta miƙe dai, da tirenta. Kafin ta gama gyara mayafi mun iso gaban akuya.

"Hajiya, wane ne wannan?"

"Ai kin gan shi."

"Sunansa nake so."

"Yana da baki."

"Doka ta ce ke za ki faɗa."

"Ita dokar ba ta da uwa ne?"

Akuya ta duba gaban littafin, ta duba bayansa. "Ba a rubuta ba."

Agogon ya rage kamar ƙwallon mangwaro. Malam Barau yana leƙowa ta taga, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Akuyar, da yake ta daɗe a aikin gwamnati, sai ta sauya dabara. Ta cire tabarau, ta yi murmushi.

"Hajiya, mu bar maganar suna. Ki ce tukunya."

"Tukunya."

"Madalla. Yanzu ki sake faɗa, amma ki cire kunyar. Sauran mu ƙarasa miki."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Kunyar ce ba ta ciruwa. Ke, ni za ki yi wa wayo? Na yi kiwon kakarki."

Akuya ta mayar da tabarau ta ce haka ne, ta ji labari.

Na durƙusa, da ƙyar, saboda katifun. Na ce, "Inna, don Allah. Sau ɗaya tak. Ba wanda zai ji sai mu uku." Ta kau da kai tana juya wake da yatsa. Na ga abin yana damun ta, ni ma sai na ji kunyar roƙon da na yi. Na fara haƙura da fainal.

Ashe in lokaci ya zo ƙarewa, sunan mutum jan sa yake zuwa inda yake. Sai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Na tashi tare da yayyafi, na wuce tebur, na wuce fanka, kaina ya doshi rufi. Benci na sama yana jira na, har ina jin sanyinsa.

"Yayan su Hajara!" Muryar Inna ta girgiza ofishin. "Sauko nan kafin in taso!"

Tim, na faɗo. Ban ma yi shawara da jikina ba, tun zamanin hawa bishiyar goba ya san wannan murya.

"Ta kira, ya sauko," in ji akuya. "Doka ta cika." Ta rubuta abin da ta ji, ta buga kofato, ta cinye takardar, daidai lokacin da ɗigon ƙarshe na agogo ya tashi sama. Ta ce wannan ta fi ta farko daɗi.

Sai ga ni a bakin raga. Sunan da aka ɗinka a bayan rigata ya yi tsawo, YAYAN SU yana kafaɗa, HAJARA ta gangara hannun dama. Mai sanarwa ya kira ni, filin ya ɗauki ihu, wasu mata uku masu suna Hajara suka miƙe suna ɗaga hannu.

Abokan karawarmu Ƙungiyar Masu Guga ce. Ba sa sa takalmi, kowa a kan dutsen guga biyu yake sulu, da garwashi a ciki. Duk inda suka bi ƙanƙara sai ta yi kuka. Na tsane su nan take, tsanar sana'a. Suka bugo na tare da gwiwa, suka bugo na tare da ciki, ɗaya na kama shi da hannu na sa a leda na ƙulle bakin saboda sabo, sai da alƙali ya zo ya kwance. Mu kuma muka ci ɗaya, Malam Barau ya jefa hularsa sama, ba ta dawo ba.

Saura daƙiƙa biyar, muna da ɗaya suna nema. Masu Guga suka taru suka hura garwashinsu, tururi ya rufe fili, ko sandata ba na gani. Wani daga cikinsu ya zagaya ta bayan raga da faifai, don a wannan wasa ana bin bayan gida. Ni ina can ina zare ido hagu, shi yana shirin zura shi ta dama. Duk filin ba wanda ya gan shi sai Inna, da ke zaune a layin gaba ta wannan ɓangaren.

Saura daƙiƙa ɗaya. "Yayan su Hajara" kuwa daƙiƙa biyu yake ci, ko da an yi sauri.

Ta miƙe, tire ya kife, wake ya watse sama. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ɗaga murya.

"Tu..."

Na juya gaba ɗaya. Na manta da kofin fainal, na manta da Malam Barau, na manta da abin da ya kawo ni. Juyawar da na yi ke nan faifai ya daki ƙirjina ya faɗi a gabana. Alƙali ya busa tashi. 'Yan Randa suka yo kaina da gudu, suka ɗaga ni sama suna waƙa, ni kuwa ina ta ɗaga musu hannu su yi shiru, don Allah su yi shiru, ba ta ƙarasa ba.

"Tu..." in ji Inna daga cikin mayafi. "Tu... tu... tu-tu-tu-tu..."

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabtanmu ne aka tayar, yana tu-tu-tu ta bayan katanga. Rana ta shigo ɗaki, ana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Yayan su Hajara, yau ba za a fita ba ne? An ɗauke wuta tun asuba, firizarka tana zubar da ruwa."

Na fito na same ta a tsakar gida a kan tabarma, tire a cinya. Na durƙusa na gaishe ta, na ɗan daɗe ban tashi ba.

"Inna, ki ce tukunya."

Ta ɗago ta kalle ni, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da ido kan wakenta.

"Tana kan murhu," in ji ta. "In yunwa kake ji ka faɗa."