Kada Ka Kawo Baba Da Wuri

Inna ta ce da ƙaiƙayi a tafin ƙafa aka haife ni. Makaranta na bar ta tun ban iya sa hannu mai kyau ba. Na yi wankin mota, na yi shagon gyaran waya, na zauna wurin tela har na ɗinke aljihun wandon wani mutum ta ciki. Saboda haka ranar da Yaya ya samo mini aikin tuƙi a kamfanin kai kaya inda yake aikin sito, sai da ya riƙe kunnena a bakin get.

"Na rantse wa mutanen nan cewa ka shiryu. In ka ɓata wannan, ko a hanya muka haɗu ban san ka ba."

Abin mamaki, aikin ya shiga raina. An ba ni tuƙa Baba, mutumin da ya kafa kamfanin da babur ɗaya, yau ga manyan motoci sun cika filin da ya fi na ƙwallo. Baba ya yi ritaya a bara, an yi taro, an tafa, ya miƙa wa 'yarsa kujera. Madam muke ce mata. Sai dai kujerar kawai ya miƙa. Kullum da safe yana filin lodi, kuma babu motar da za ta motsa sai ya daki ƙeyar ta farko da tafin hannu sau biyu. Tun zamanin babur haka ake yi. Madam ta sa allo mai nuna lokacin tashi, ta sa ƙararrawa, direbobi suna kallon allon kamar talabijin, suna jiran hannun tsoho.

Wata rana ta kira ni ofishinta na sama. Ban taɓa taka kafet mai laushi irin wannan ba, har na so in cire takalmi.

"Kai ne direban Baba?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Daga gobe kada ka kawo shi sai motoci sun fita. Yadda za ka yi, kai ka sani. Kada kuma ya ji daga bakinka. In ba za ka iya ba, akwai masu jiran makullin."

Na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ina saukowa ina jin kaina kamar wani jami'in sirri.

Washegari na yi kamar na ɓata hanya, na karya hagu inda ya kamata in miƙe. Sai yanzu nake ganin girman wautata: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai kaya lungu-lungu, shi zan ɓatar a cikin gari. Baba ya ɗago daga jarida.

"Yawwa, ɗan nan, ashe ka san nan? Shiga bayan gidan man can, akwai wani lungu."

Muka ratsa ta bayan wata makaranta, muka bi ta tsakanin shagunan masu walda, sai ga mu a get tun maigadi bai gama shara ba. Ban taɓa kawo shi da wuri kamar ranar ba. Madam tana tsaye a tagarta, ta harɗe hannu.

Na gwada cunkoso, ya fitar da ni. Na ce zan sha mai, ya ce tanki a cike yake, shi ma yana da ido. Yaya ya tare ni a bayan sito ya ce ya ji ƙishin-ƙishin, in yi hankali.

Ranar da na yi nasara, fis ɗin wutar mota na cire. Na gangara gefen titi, na buɗe gaban mota, na zare shi na sa a aljihu, na yi ta girgiza kai. Ina zagaya motar kamar mai duba wani abu, na buɗe ƙofofin baya na danna ɗan maɗannin nan da ake sa wa yara don kada su buɗe ta ciki. Har yau ban san me ya sa ba. Dabara ce ta yi mini yawa.

Muna nan rana ta ɗaga, sai waya. Madam ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Kuna ina?"

"Mota ta lalace, ranki ya daɗe," na faɗa da alfahari.

"Babu wanda ya fita. Sun kunna inji sun tsaya. Kawo shi, amma kada ya sauko. Su gan shi kawai, ni zan sallame su."

Na juyo, Baba yana kallona ta saman tabarau.

"Mayar da abin da ke aljihunka mu tafi. Kayan mutane na jira."

A hanya ya ce, kamar da kansa yake magana, "Gaskiyar 'yata ce. Yau ba zan sauka ba. Wanda ya ba da riga ba ya riƙe hannunta." Har na ji tausayinsa.

Muna shiga fili, ƙarar injuna ta cika ko'ina, direbobi jingine da motocinsu, Madam a tsakiya da takalmi mai tsini. Ina ganin Baba ta madubi. Kafaɗarsa ta fara motsi. Alƙawarin bai kai tsawon filin ba, hannunsa ya kai ga ƙofa. Ya ja, ba ta buɗe ba. Ya koma ɗaya gefen, haka.

"Buɗe mini."

"Baba, ai kun ce..."

"Buɗe, ɗan banza!"

Na ƙanƙame sitiyari, ina ganin fuskar Yaya a bakin sito. Baba ya ɗaga hannu ya daki gilashin taga da ƙarfi. Ya sake duka.

Shugaban direbobi, wani mai furfura da ake kira Dogo, yana kallonmu. Ya ɗaga hula, ya yi ihu, "Baba ya sallama!" Kafin ka ce kwabo kowa ya haye, motoci suka bi juna suka fice, suka bar Madam da hannunta a sama, ba ta ko buɗe baki ba.

Ita ta buɗe wa mahaifinta ƙofa ta waje. Ta dube ni kamar abin da ta taka.

"Ubana ka kulle a mota? A gaban ma'aikata? Ajiye makullin, ka bar mini kamfani."

"Wa zai bar kamfani?" Baba ya fito yana gyara riga, yana haki. "Direbana ne. Ni ya kulle, ni zan kore shi."

"To, kore shi, Baba."

"Ba don kin faɗa ba."

"Ni ce shugaba a nan."

"Shugabar motocin kaya. Wannan motata ce."

Suka hau bene suna yi, ni ina tsaye da makulli a hannu, ban san ko in ajiye ko in sa a aljihu ba. Yaya ya wuce ta gabana da kwali a kafaɗa, ko kallo ban ishe shi ba. Maigadi ya matsa mini a benci.

"Zauna, ɗan'uwa. In dai waɗannan biyun ne, sai ka ga jikokinka ba su gama ba."

Har yanzu ni nake tuƙa Baba. Ba ya yi mini magana sai "hagu" da "dama", kuma yanzu gaba yake zama, kusa da ni, hannunsa a kan marikin ƙofa. Madam in ta gan ni sai ta kau da kai. Mutanen kamfani suna ta fatan Allah ya daidaita uba da 'ya. In sun faɗa nakan ce amin, amma a hankali, yadda ba zai yi nisa ba.