Sunan Baba Mode a Shafi na Biyu

Almustapha ne sakataren ƙungiyar masu noman rani ta ƙauyensu, a ƙasan madatsar ruwan Goronyo. Duk ranar Alhamis yakan buga takardar rabon ruwa, wane Asabar, wane Lahadi, ya liƙa a bangon masallaci. Manoma arba'in da ɗaya ne a jerin.

Kwamfutarsa ta tsufa. Manhajar da ta zo da ita an daina sabunta ta, sabuwar kuma ta fi ƙarfinta. Mai gyara a Wurno ya ce sai dai a sayi wata.

Ana nan Zinariya, ɗiyar yayarsa, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare a Rabah, ta zo bikin suna. Ta duba na'urar, ta ce lafiyarta lau, kaya ne suka yi mata nauyi. Ta kwashe takardunsa a filashi, ta goge komai, ta sa mata wata manhaja mai suna Linux.

"Wagga ta wane kamfani ce?" in ji Almustapha.

"Ba ta kowa ba ce, Kawu. Wanda duk ka so shi ɗauka, shi gyara, shi ba wani."

Kwamfutar ta koma buɗewa nan take. Kwana biyu ya yi yana laluben inda abubuwa suke, sannan hannunsa ya saba.

Ranar Alhamis ya buɗe takardar rabon ruwa, ya canza ranaku, ya buga shafi na ɗaya kamar kullum. Bai lura ba cewa salon rubutun da yake amfani da shi a da babu shi a nan, an musanya shi da wani mai ɗan girma. Layin ƙarshe ya gangara shafi na biyu. Sunan Baba Mode ne.

Baba Mode dattijo ne mai fangali goma sha biyu na albasa, ba ya karanta boko. Maƙwabcinsa Lawwali ya karanta masa takardar har sau biyu, babu sunansa. Tsohon bai tambayi kowa ba. A taron watan jiya ya yi wa shugaban ƙungiya musu a gaban jama'a, don haka ya ɗauka sakamakon ke nan.

Mako na biyu ma babu. Ganyen albasar ya fara kwanciya. Sai ya ɗauki sandarsa ya tafi gidan sakatare.

"Almustapha, mi na yi muku da kunka hid da ni?"

"Wa ya hid da kai, Baba?"

Ya kunna kwamfutar don ya nuna masa, ya ƙirga sunaye, arba'in. Ya gangara ƙasa. Ga sunan can shi kaɗai a saman farin shafi. Ya juya wa tsohon allon, ya yi masa bayani, ya ba shi haƙuri.

Baba Mode ya daɗe yana kallo. "Ke nan ba shugaba ba ne?"

"Wallahi bai ma sani ba."

Tsohon ya ce to, ya tashi. Ba a ga alamar ya yarda duka ba.

Lawwali ya bar masa ruwan Asabar ɗinsa. Fangali tara suka farfaɗo, uku suka tafi. A taro wasu suka ce a koma wa tsohuwar manhaja. Almustapha ya ce laifin nasa ne da bai duba ba, ya kira Zinariya a waya, ta nuna masa yadda zai rage girman rubutu, ya kuma ga takarda kafin ya buga. Bai koma wa tsohuwar manhajar ba.

Bayan wata ɗaya sakataren ƙungiyar ƙauyen Kagara ya zo da tasa kwamfutar a bayan babur, ya ce ya ji labari, yana son a sa masa irin wannan manhajar.