Wanda Ya Ɗinka Wandon Soja

Gwani bai taɓa shiga gidan wasan kwaikwayo ba sai ranar da ɗinkinsa zai hau dandamali. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta da jan fenti a saman shagonsa bayan ya bar hannun tsohon telan da ya koya masa aiki. Tsohon nan, wanda kowa ke ce wa Baba, yabo nauyi yake yi masa a baki. In ka kai masa riga ya juya cikinta, ya ajiye bai ce uffan ba, to ka ci sa'a. Gwani ya yi aure, ya tara yaran shago, amma har yau yana jiran ranar da Baba zai ce ya iya. Shi ya sa ya je har gida ya ɗauko shi zuwa wasan la'asar.

Kayan sojan da jarumin wasan zai sa, Gwani ne ya ɗinka. Daraktar, wata mata mai saurin magana, ta ja masa kunne tun farko.

"Malam tela, ka sake wandon. Mutumin nan zai yi tsalle, zai durƙusa. Ka bar masa wuri, ka ninka ɗinkin baya."

Gwani ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi Allah ya kiyaye ya ɗinka buhu a ce aikinsa ne. Ya kama wandon ya zauna wa jarumin cif a jiki. Ranar gwaji jarumin ya yi ta juyi a gaban madubi ana yabawa, ba wanda ya tuna ya ce masa ya durƙusa.

Zauren ya cika maƙil, fankoki suna ta juya zafi. Kafin a kashe fitila, Gwani ya riga ya sanar da na dama da na hagu, har da na bayansa da ba su tambaye shi ba, cewa kakin da za su gani daga shagonsa ya fito. Baba dai ya jingine sandarsa a gwiwa yana kallon labule.

Da sojan ya fito, kakin ya yi kyau, wannan ba gardama. Gwani ya taɓa tsohon.

"Baba, ka ga kafaɗar nan?"

"Ina gani."

Wasan labarin soja ne da ya tafi yaƙi ba da yardar uwarsa ba, ya dawo neman gafara. Da aka zo wurin neman gafarar, zauren ya yi tsit, matar da ke kusa da Gwani har ta fara share ido. Uwar ta juya wa ɗanta baya. Sojan ya taho da gudu ya zube a kan gwiwoyinsa.

Ƙyat! Lasifika ce ta ɗauki ƙarar ta raba wa kowa. Wandon ya buɗe daga ƙugu har ƙasa, ga shi bayan jarumin ne ke fuskantar jama'a.

Dariyar ta fara daga kujerun gaba ta mamaye zauren. Sojan yana roƙon gafara da hannu ɗaya, ɗayan yana tare baya. Uwar ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa, 'yan kallo suka gane ita ma dariyar take dannewa, abin ya ƙara lalacewa. Haka bawan Allah ya ƙarasa wasan yana tafiya a kaikaice.

Kunya ta rufe Gwani, gumi ya jiƙa masa wuya. Matar da ke kusa da shi ta dube shi sama da ƙasa ta kau da kai. Ya kasa juyawa ɓangaren Baba. Ya fi son tsohon ya zage shi da wannan shirun.

Da aka kunna fitilu, daraktar ta fito da 'yan wasa tana godiya. Ta gode wa mai haske, ta gode wa makaɗa. Ko mantuwa ce ko ramuwa, Allah kaɗai ya sani, sai ta ce, "Telanmu ma yana cikinku. Ya tashi a gan shi."

Zauren ya ɗauki ihu da fito. "Ina telan? A nuna mana shi!"

Gwani ya nutse a kujera. Na bayansa ya fara zungurarsa, na gefe ya ɗaga yatsa zai nuna, haske yana yawo a kan layuka yana matsowa.

Sai Baba ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya tsaya a hankali, ya juya gabas ya juya yamma, ya ɗaga hannu kamar mai amsa gaisuwa. Hasken ya tsaya a kansa. Aka yi masa ihu son rai, yana tsaye har suka gaji. Na kusa, waɗanda suka san gaskiya, suka sauke hannuwansu.

"Baba, don me?" in ji Gwani.

"A hannuna ka fito," Baba ya ce. "Kama ni mu tafi, gwiwar nan ta sage."

A bakin ƙofa cunkoso ya tsayar da su. Wani saurayi ya gane tsohon, ya taɓa abokinsa, ya ɗaga murya.

"Tsoho, ka koma ka koyi ɗinki!"

Mutumin da ya tsufa a kan keken ɗinki ba a taɓa dawo masa da aiki ba ya dubi saurayin ya gyaɗa kai.

"To, ɗana, na ji."

Gwani yana riƙe da hannunsa. Ya buɗe baki, ya ga mutane sun juyo suna kallo, ya mayar ya rufe.