Motar da Za Ta Iya Ja

Wata goma sha huɗu ke nan da Hadi ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma tun da aka sallamo shi daga asibiti duniyarsa ta koma tsakanin falo da taga. Mutumin da a da sanyi na shigowa zai loda tanti da tukunyar shayi ya nufi duwatsun Hatta da ke bayan garin Dubai, yanzu ko tsakar gida sai an yi da gaske. Matarsa Murjanatu nas ce, ta san zaman ɗakin nan ya fi ciwon cin sa. Ta kuma san ba zai iya kwanciya a ƙasa cikin tanti ba, don in ya kwanta ba mai tashinsa.

Shi ya sa ta shiga neman tirela. Ba irin ta hanyar Legas ba, 'yar ƙarama ce da ake maƙalawa a bayan mota, in an isa a buɗe ta ta zama ɗaki da gado.

A wani sito a unguwar Al Quoz aka nuna mata guda biyu. Ma'aikata biyu suka buɗe ta farko cikin minti uku suna murmushi. Murjanatu ba ta sayen kaya da murmushin mai sayarwa. Ta ce su rufe su matsa, ita kaɗai za ta gwada, tunda a daji ba mai kama mata. Ta yi nishi, ta yi zufa, murfin ko gezau. Ta biyun kuwa madanni gare ta, tana taɓawa rufin ya tashi da kansa, ga matakala gajera da Hadi zai iya hawa da sandarsa. Nan take ta shige mata rai.

Sai ta kai 'yar motarta wajen Mato, bakanike mutumin Maraɗi, don ya sa mata ƙugiyar ja. Mato ya ciro littafin motar ya ɗora yatsa a kan lamba. Kilo ɗari bakwai da hamsin aka yarje mata ta ja, tirelar kuwa ɗari tara take ba komai a cikinta. Ya ce a ƙara ruwan sha da na alwala, da tukwane, da keken guragun Alhaji, an haura dubu. A gangaren dutse tirelar ce za ta riƙa tura motar, birki kuma ba ya jin magiya.

"Bon, Hajiya, ƙugiya aikin awa ɗaya ne, amma ba da hannuna ba. Ina jif ɗin Alhaji? Ita ko biyun wannan za ta ja."

Abin da take ta kauce wa ke nan. Jif ɗin na nan a ƙasan beninsu a Dubai Investments Park, ba wanda ya tuƙa ta tun ranar da Hadi ya faɗi. Kowace Juma'a yakan dogara sanda ya sauka, ya hau kujerar direba ya tayar da injin na minti goma, wai kada batir ya mutu kafin ya warke. Likita ya gaya wa Murjanatu tuƙi kam ya ƙare, ita kuma ta kasa kai saƙon. Neman makullin nan daidai yake da faɗa masa, kuma tsoron hakan take ji har cikin ranta.

Kwana huɗu tana juya maganar. Ta ma yi tunanin sayen mara nauyin, sai ta tuna murfin da ya gagare ta. Ranar Juma'a da la'asar ta bi shi ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofar motar ta zayyana masa komai, har da lambobin Mato. Hadi injiniya ne, ba ya gardama da lamba. Ya tambayi nauyin da zai sauka a kan ƙugiyar, ta faɗa. Ya daɗe riƙe da sitiyari da hannunsa mai lafiya, sannan ya sauko, ya zagaya a hankali ya shiga ɗaya gefen.

Murjanatu ta hau. Hadi dogo ne, ita kuwa gajarta ba a magana, da ƙyar yatsun ƙafarta ke taɓo birki. Ta zamo ta zauna a bakin kujerar, ta miƙe ƙafa iya miƙewa, ta ce masa haka ma ya yi, za ta iya.

Ya dube ta, ya dubi ƙafar.

"Ja kujerar gaba, Murja."

"Abban Mahfuza, in ka ji sauƙi sai ka..."

"Ja ta daidai ke," in ji shi. "Ba ni zan koma kanta ba."